Wa'adin Jira da Makullan Baba Sito

Zuwa ga ƙanwata, Autar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarku. Allah Ya raya ta, Ya sa ta yi hankalin ubanta, kada ta ɗauko bakin uwarta. Mu nan duk lafiya muke, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, amma da ta ji sallamar baƙo sai ta laluɓo sandar don a tausaya mata. An yi mata sabon tabarau, ta ce tsohon ya fi nuna mata mutane da kyau. Maman yara tana nan da ɗinkinta, keken ya sake lalacewa, na gyara shi sau biyu, a karo na uku ta ce in bar mata kayanta ta kai wa masu sana'ar. Babbar 'yarki ta wajena ta ci jarrabawa, ƙanenta Sarkin Surutu kuwa ya fasa gilashin tagar maƙwabta da ƙwallo, ya kuma tsaya yana yi musu bayanin cewa tagar ce ba a sa ta a inda ya dace ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko saƙon waya sai an yi da gaske nake amsawa. Dalili shi ne godiya ce a bakina, kuma idan kina kallona ta waya ba ta fita. Da na fara sai ki yi wannan murmushin naki, ni kuma in tuna ni na riƙa goya ki zuwa makaranta, sai girman kai ya taso in kama zancen yanayi. Sannan akwai abin da na ɓoye miki ranar Asabar ɗin da kika taimake ni, kuma bai kamata ki ci gaba da zama ba ki sani ba. Zan faro daga farko domin ki karanta wa maigidanki, tunda shi aka bar wa reno da wanke-wanke a ranar, ya cancanci ya san abin da ya cinye masa hutu.

Kin san wurin aikinmu ajiyar magunguna muke yi. A ƙarshen harabar akwai ɗakin sanyi, kuma doka ce a riƙa rubuta sanyinsa ba tsayawa, domin masu duba aiki ba sa karɓar rantsuwa, takarda suke so. A jikin bangon sito akwai wani ɗan akwati mai auna sanyin, ni kuma aka ce in haɗa manhajar da za ta riƙa tambayarsa daga ofis tana ajiye amsa. Da irin manhajar nan ta zane na yi, wadda ba a rubuta layuka, sai dai a jera akwatuna a fuskar kwamfuta a ja waya daga wannan zuwa wancan. Akwati ɗaya ya buɗe hanya, ɗaya ya aika tambaya, ɗaya ya karɓi amsa, na ƙarshe ya rufe. Na gwada a kan teburina da 'yar guntuwar waya, amsa tana zuwa kafin in ƙifta ido. Na yi wata biyar ina tafiya a harabar nan kamar ni na ƙera kwamfutar da hannuna, kowa Injiniya, Injiniya, ni kuma ban taɓa ce musu takardar karatuna ba ta kai nan ba.

Sai ga shi wajen mako shida da suka wuce abu ya fara tsayawa. Kullum tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, lokacin hutun cin abinci, manhajar ta tsaya cak, ta fito da jan rubutu a allon da ke ofishin manaja. Sai na zo na sake tayar da ita, a takarda kuma a sami giɓin minti ashirin, wani lokaci arba'in. Magungunan ba abin da ya same su, injin sanyi yana aikinsa, amma giɓi a takarda ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ga abin da jan rubutun yake cewa, kuma ki riƙe shi da kyau: an cire waya a sito.

Mai kula da siton wani dattijo ne da muke kira Baba Sito. Shekararsa ashirin da biyu da makullan nan a ƙugunsa, tun kafin a haifi rabin ma'aikatanmu. Mutum ne marar yawan magana, mai tsabta har ta yi yawa, wanda zai iya mayar da kai ƙofa ka goge takalmi ko da manaja kake tafe. Shi ba ya zuwa rumfar cin abinci, a kan wani benci yake zama da 'yar kularsa, daidai ƙarƙashin akwatin auna sanyin, kusa da soket. To kin ga yadda lissafin ya haɗu. Allo ya ce an cire waya a sito, wato wayar akwatin auna sanyin, lokacin cin abinci ne, kuma mutum ɗaya ne ke zama a wurin. Wani ya ce ai cajin wayarsa yake yi, wani ya ce butar shayi yake jonawa. Manaja ya kira shi sau biyu, ya rantse bai taɓa ba. A karo na uku aka ba shi takardar gargaɗi, aka ce idan abin bai daina ba zuwa Juma'ar ƙarshen wata, ya ajiye makullai. Manaja ya tambaye ni a gabansa ko zai yiwu laifin manhaja ne, na ce ai kwamfuta ba ta ƙarya. Da bakina na faɗi haka, Auta, kuma Baba yana tsaye yana kallon ƙasa.

Wannan shi ne abin da na ɓoye miki. Na ce miki 'yar matsala ce nake so ki leƙa mini idan kin sami sarari. Ban ce miki saura kwana shida a raba dattijo da abincinsa ba. Kunya ce ta hana ni, domin a lokacin zuciyata ta riga ta fara raya mini cewa ba shi ba ne. Ranar Alhamis kafin in kira ki, na ce bari in yi dabara a ɓoye. Na buɗe zanen, na je wurin akwatin da ke karɓar amsa, inda ake sa masa wa'adin jira, na goge abin da ke ciki na sa masa alamar nan da ke nufin ya jira har abada. A ranar ba jan rubutu, ba giɓi, na ci abincina da daɗi. Sai da la'asar na lura lambar da ke allo ba ta motsa ba tun ƙarfe ɗaya da kwata. Manhajar ta sandare tana jiran amsar da ta ɓace a hanya, tana nuna sanyin awa uku da suka wuce kamar na yanzu. Da injin ya mutu a tsakanin nan, ba wanda zai sani. Na mayar da abin yadda yake da sauri, na koma gida ban iya cin abincin kirki ba. Maman yara ce ta dube ni ta ce ina da ƙanwa da wannan ne aikinta, wane irin taurin kai ne zai sa in zauna ina ramewa.

Sauran kin san shi, amma bari in faɗa miki yadda ya kasance daga nan ɓangaren. Na jingina waya da kofin shayi a kan tebur, na juya ta ga fuskar kwamfuta, ke kuma kina can da jaririya a kafaɗa kina cewa in matso, in ɗaga, in daina rawar hannu. Abu na farko da kika faɗa shi ne wayoyin zanena sun yi kama da zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na haɗiye. Sannan kika tambaye ni nawa na sa a wa'adin jiran amsa, na ce ɗari. Kika ce ɗari na me, na ce ɗari dai. A nan kika tuna mini cewa a wannan gurbin dubu ɗaya ne sakan guda, wato na ba wa akwatin sito kashi ɗaya cikin goma na sakan ya amsa, in ba haka ba a yanke masa hukunci. Na ce ai a teburina bai taɓa wuce ashirin ba. Kika tambaya ko a teburina ɗakin sanyin yake. Na ce a'a, yana can ƙarshen haraba, kuma ta iska saƙon yake bi, ta hanya ɗaya da intanet ɗin da aka buɗe wa ma'aikata kwanan baya. Kika ce yaushe aka buɗe musu. Na ƙirga da yatsu, mako shida. Kika yi shiru kika bar ni na ji da kaina, kuma na gode miki da wannan shirun fiye da duk bayanin da ya biyo baya.

Amma wurin da kika kama ni da gaske shi ne jan rubutun. Kin sa na bi wayar da ke ɗauke da kuskure daga akwatin karɓar amsa, na bi ta da linzamin kwamfuta har inda ta ƙare, sai ga ta ta shiga kai tsaye wurin tsayar da komai, ta kuma kunna saƙon. Kika ce in karanta miki lambar kuskuren da manhajar take bayarwa, na ce hamsin da shida. Kika ce wannan lambar abu ɗaya kawai take nufi, na jira ban ji amsa ba, ba ta san dalili ba kuma ba ta ce ta sani ba. Sannan kika tambaya, to wa ya rubuta an cire waya a sito. Auta, ni na rubuta. Wata biyar da suka wuce, ranar da nake gwaji, na zare wayar da hannuna don in ga abin da zai faru, kuskure ya fito, sai na rubuta masa wannan sunan na wuce. Ban sake tunawa da shi ba. Kullum manaja yana karanta maganata a allo yana ɗauka maganar na'ura ce, ni ma ina karantawa ina gyaɗa kai. Kin ga na yi shiru a lokacin har kika tambaya ko hanya ce ta yanke. Hanya ba ta yanke ba, fuskar Baba Sito ce ta tsaya mini a ido.

Na so in ruga in ƙara lambar kawai in huta, kika hana. Kika ce kada in sake zaɓar lamba da ka, in auna tukuna. Na bi abin da kika tsara mini tiryan-tiryan. Na yi wani ɗan zane dabam a kwamfutata, na ba shi wa'adin sakan goma, na sa ya riƙa rubuta tsawon lokacin da kowace amsa ta ɗauka. Litinin, Talata, Laraba ina zaune a kansa kamar mai gadin tukunya. Da safe amsa tana zuwa a talatin, arba'in. Ƙarfe ɗaya na bugawa, da mutane sun zauna a rumfa kowa ya ciro waya ya kama kallon bidiyo, sai ta haura ɗari huɗu, ɗari tara, sau biyu ma ta kusa sakan biyu. Amma ko ɗaya ba ta ɓace ba a kwana ukun nan, duk sun iso, a makare dai. Na kuma duba abin da kika ce in duba a cikin akwatin siton, inda yake ƙirga kwanakin da ya yi a kunne. Kwana casa'in da huɗu ba a taɓa raba shi da wuta ba.

Gyaran bai ɗauke ni awa biyu ba, abin da ya ƙara ba ni haushin kaina ke nan. Na ba wa buɗe hanya sakan biyar, karɓar amsa sakan uku. Idan wa'adi ya cika ba amsa, manhajar ba ta tsayawa, sai ta rufe hanyar ta sake buɗe sabuwa, kamar yadda kika ce, don kada amsar da ta makara ta zo ta zauna a gurbin tambayar da ke bayanta. Sai ta gwada sau uku a jere ba ta ji komai ba sannan take kiran mutum. Jan rubutun kuma na goge shi, na sa wanda bai wuce saninsa ba: ba a sami amsa daga ɗakin sanyi ba, a duba. Na ma zauna na miƙe wayoyin zanen ɗaya bayan ɗaya, don idan kin sake gani ki nemi wani abin tsokanar.

Ranar Laraba da yamma Shaiɗan ya zo mini da shawara mai daɗi. Ya ce tunda na gyara, gobe ba giɓi, jibi ba giɓi, za a ce Baba ya ji gargaɗi ya daina, ya tsira da aikinsa, ni ma in tsira da sunana, kowa ya huta. Ba zan ɓoye miki ba, na juya wannan shawarar a raina fiye da sau ɗaya. Abin da ya hana ni shi ne takardar gargaɗin, tana nan a fayil ɗinsa, kuma duk wanda ya ce yana jona buta zai ci gaba da cewa haka har ranar da zai bar aiki. Da safiyar Alhamis na buga takardun awon, na shiga ofishin manaja, na roƙe shi ya kira Baba da shugaban ma'aikata da mutum biyun da suka fi yaɗa zancen butar. Na tsaya a gabansu na ce kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, ni na sa mata ƙarya a baki. Na nuna musu lambobin, na nuna musu kwana casa'in da huɗun, na ce rubutun da ke allo ni na rubuta shi da hannuna ba tare da na san abin da nake faɗa ba. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Manaja ya wanke ni tas, kuma bai faɗi abin da ban cancanta ba. Ya ce daga yau duk abin da zan sa a allo sai wani ya duba, ya kuma ce a raba hanyar ɗakin sanyi da ta masu kallon bidiyo. Sannan ya ciro takardar gargaɗin ya yaga ta a gaban kowa, ya miƙe tsaye ya ba Baba haƙuri. Ni ma na juya na durƙusa, na ce ya yafe mini don Allah. Ya kama kafaɗata ya ɗaga ni, ya ce in tashi, ɗa ba ya durƙusa wa uba a gaban mutane a kan abin da ya riga ya wuce. Na ɗauka maganar ta ƙare a nan.

Da hutun rana na bi shi sito don in sake ba shi haƙuri mu biyu. Na same shi a bencinsa, kular tana rufe a gefe, ya miƙa hannu sama ya danne kan wayar akwatin da babban yatsa. Da ya gan ni sai ya sauke hannun, ya yi 'yar dariyar kunya, ya ce sabo ne. Na ce sabon me. Ya ce shi ya san bai taɓa zare wayar nan ba, amma da allo ya yi ta faɗa kullum, kuma ni mai ilimin na ce ba ya ƙarya, sai ya fara zargin kansa, ko tsufa ne ya sa yake goga ta da kafaɗa bai sani ba. Don haka tun ranar da aka ba shi takarda, da ƙarfe ɗaya ta yi sai ya danne wayar da yatsa har ƙarfe biyu, idan hannu ɗaya ya gaji ya canza ɗaya. Kwana goma sha tara ke nan. Abincin kuma sai ya ba masu gadi a hanyar fita, don kada a gane a gida cewa akwai damuwa. Ya faɗi wannan ba tare da ɗaci ba, kamar yana ba ni labarin wani. Na fita bayan sito na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu.

To kin ji abin da safiyar Asabar ɗinki ta saya. Ke a ganinki lamba kika gyara wa yayanki mai taurin kai. Na gode, Auta, na gode har cikin raina. Na gode da ba ki yi mini dariya a inda ya kamata ki yi ba, na gode da kika hana ni gaggawa. Allah Ya ƙara miki sani, Ya sa 'yarki ta yi miki abin da kika yi mini, Ya tsare ku a inda kuke. Kuma na yarda a rubuce, ki ajiye takardar nan shaida, cewa a wannan fannin ke ce babba. A sauran fannoni dai kada ki sa rai.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki turo hoton jaririyar wanda ba a rufe mata kai da hula ba, tana so ta ga kunnuwan ko na gidanmu ne. Maman yara tana gaisuwa, da Gwaggo Mai Lalura da Kawu Direba, wanda har yanzu yake tambaya ko can ma ana samun cunkoso a hanya. Yara duk suna gaida Antinsu. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce masa ina sane da alherinsa, ki shafa mini kan 'yar. Akwai kuma gaisuwar mutum ɗaya da bai taɓa ganinki ba. Na gaya wa Baba Sito cewa ƙanwata ce daga nesa ta gano gaskiyar. Ya tambaya ko kina da 'ya'ya, na ce ɗaya, ya yi mata addu'a mai tsawo. Na ce ko akwai saƙon da zan rubuta miki, ya yi tunani, ya ce in ce miki yau ya ci abincinsa da hannu biyu.

Wassalam.

Naki har kullum,
Yayanki.